Turare Arba'in a Gonar Aro

Saratu, Dauda, da ke auta Hannatu, wannan babin naku ne fiye da sauran. Ranar bikin Dauda na ji shi da kunnena yana gaya wa surukansa cewa korarmu aka yi daga ƙasar Daura a shekarar da aka kawo Shari'a, har da cewa da kayan jikinmu kawai muka tsira. Ban tanka ba, don a gaban surukai ne, kuma naman da ke gabana bai ƙare ba. Amma na san inda ya samo labarin. A bakina ya samo shi. Ni ne mutumin da in ya ga ƙadangare da safe, kafin azahar ya zama kada, kafin la'asar ya cinye jaki biyu da mai jakin. Kun sani, kuna dariya, ni ma ina taya ku. To wannan karon ku ajiye dariyar tukuna. Ba wanda ya kore mu. Akwati shida muka ɗaura a mota, har da turmin uwarku, kuma maƙwabta ne suka taya mu ɗaurawa. Abin da ya faru shi ne na dasa itace arba'in a gonar da ba tamu ba, saboda haka kakanku bai kwanta inda ya roƙa a kwantar da shi ba.

Kakanku Iliya ba haifaffen can ba ne. Daga kudancin Katsina ya zo yana saurayi, cikin ayarin masu haƙa wa gwamnati rijiyoyi. Iyayensa Maguzawa ne, shi kuma ya karɓi Almasihu tun yana kiwon awakin gidansu. Da suka gama rijiyar wani ƙauye kusa da Babban Mutum, ayarin ya yi gaba, shi ya zauna. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanensa na nan da ransu, kuma ba su yi mana abin da ya isa a rubuta su a kansa ba. Gidanmu kaɗai ne gidan Kirista na dindindin a wurin. Sauran masu bi baƙi ne, malamin asibiti, ɗan sanda, malamin makaranta, a kawo su bana a ɗauke su baɗi. Ranar Lahadi in mun kai goma sha biyu, sai Baba ya ce yau taro ya yi taro, a yi hankali kada a tattake wani.

Wanda ya ba shi wurin zama da gona shi ne Malam Habu, manomi ne kuma malamin unguwa, dogo siriri, ba ya son magana biyu in ɗaya ta isa. Aro ya ba shi gonar. Aro yana da dokarsa, ba a rubuce take ba, amma kowa a ƙasar nan ya san ta. Ka shuka gero, dawa, wake, gyaɗa, duk abin da za a girbe a shekararsa. Ka kai taki iya ƙarfinka. Iyakar gona ka bar ta da ciyawar gamba yadda ka same ta. Da kaka ka ɗauki dami ɗaya ka kai ƙofar mai gona, ba haya ba ce, shaida ce cewa ba ka manta ta wa ce ba. Abu ɗaya ne ba a yi, ba a dasa itace. Gero baƙo ne, wata huɗu ya tafi. Itace kuwa zama yake zuwa yi, kuma duk wanda ya dasa shi ya gaya wa gari cewa ƙasar tasa ce. In rigima ta kai gaban dagaci bayan shekara ashirin, tambayar farko ita ce wa ya dasa.

Ina da shekara goma sha tara kakarku Laraba ta rasu. Ba mu da maƙabarta, kuma ba a sa Kirista a ta Musulmi. Muna tsaye a tsakar gida ba mu san inda za mu nufa da ita ba, sai ga Malam Habu da fartanya a kafaɗa. Ya ja Baba zuwa kusurwar gonar, gindin wani babban gawo, ya zana ƙasa da ƙafarsa.

"Sa ta a nan, Iliya," in ji shi. "Ka bar wa kanka wuri a gefenta. In ka riga ni, ni zan haƙa. In na riga ka, ka tsaya daga baya ka yi mini irin taku, Allah na jin Hausa."

Daga ranar nan Baba ya san makwancinsa. Yakan nuna wurin da sanda kamar mai nuna ɗakin da zai tare.

Baba bai yi makaranta ba. Littafi Mai Tsarki da yatsa yake bin sa, kafin ya ƙare layi ɗaya an tuƙa tuwo an kwashe. Don haka in ba mu da baƙon mai wa'azi, itatuwa yake buɗe mana. Da rani a gindin gawon nan muke sujada, don shi kaɗai ke da inuwa a lokacin. Ku da kuka tashi a birni ba ku san halin gawo ba. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi sai ya zubar da ganyensa ƙaf, ya tsaya kamar matacce. Ganyen ya zama taki, rana ta sauka a kan geron da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na ko'ina kyau. Da ruwa ya ɗauke komai ya bushe, sai shi ya yi kore shar, yana zubo wa awaki 'ya'yansa.

"Kun gan shi," in ji Baba, yana dafa gindinsa. "Ba ya kokawa da gero a kan rana. Lokacin da kowa ke da shi, sai ya ja baya. Lokacin da kowa ya rasa, sai a same shi. Mai bin Almasihu a tsakiyar mutanen da ba hanyarsu ɗaya ba, haka zai zauna. Ba a sare gawo a ƙasar nan. Ba don ƙayarsa ba ne, don an san amfaninsa ne."

Wata Lahadin kuma kukar bakin hanya zai nuna mana, wadda masu tufka igiya suke ɓare wa ɓawo tun kafin a haife ni. Ya ce ku duba sau nawa aka feɗe ta, ba ta bi kowa da wuƙa ba, sabuwar fata take yi, kuma wanda ya feɗe ta jiya miyarta zai sha yau. Wannan ita ce gafara, in ji shi, sauran duk surutu ne. Ni kuwa ina zaune a baya ina lissafin yadda zan mayar da wa'azin abin dariya. Da yamma sai in gaya wa Sani, babban ɗan Malam Habu, wanda tare muka yi kiwo tare muka sha bulala, cewa in Baba ya ci gaba haka, wata rana sai mun yi wa ɗinya baftisma. Sani yana ce mini Bamaguje mai takalmi, ni ina ce masa Liman ba mamu. Haka muke tun muna yara har muka yi iyali.

Abin dariyar shi ne ni na zama ma'aikacin itace. Na samu aiki a lambun renon itatuwa na gwamnati, inda ake tayar da iri a leda a raba wa mutane don tare hamada. Itacen da ya bi ta hannuna, in aka jera shi, sai ya kai Kongolam ya tsallaka iyaka ya dawo ya sake tafiya. Na san wanda ke son yashi, na san wanda gara ke ci, na san ranar dashe da ranar bari. Dokar gonar aro ma na san ta kamar sunana. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce muku a rashin sani na yi.

Shekarar da aka kawo Shari'a, ba zan ce muku ba abin tsoro ba. Akwai. Rediyo kullum sai ta kawo labarin kashe-kashe a manyan garuruwa. Malamin makarantar da ke sujada tare da mu ya tura iyalinsa gida, bayan wata ɗaya shi ma ya bi su. Wasu samarin da ke gaishe ni da can suka koma kallona kawai. Sau biyu na ji an jefo kalmar arne a bayana a kasuwa, ba irin ta wasan Sani ba. Amma a ƙauyenmu, abin da ya faru da mu gaba ɗaya shi ne wannan: wata rana ɗan ƙanen Malam Habu ya wuce ni ina shara a gona, ya ce, gonar nan har yanzu ta aro ce ko, Ishaya? Na ce ta aro ce. Ya ce to madalla, ya wuce. Shi ke nan.

Da farkon damina aka kira taron masu bi na shiyya a Daura, na je a madadin Baba. Bayan addu'a aka zauna cin abinci, kowa ya fara faɗin abin da ya same su. Wannan an hana su fili, wancan an tashe shi daga haya, wata an sa ta sauka daga babur. Kowa na da labari sai ni. Ni kuma kun san ni, a ce ana hira ba muryata a ciki, gara a hana ni abinci kwana uku. Sai na gyara zama na ce mu kam, an ce bana kabarin uwata ma gyaɗa za a shuka a kai. Wurin ya yi tsit. Wata dattijuwa ta ajiye cokali ta share hawaye. Na ji daɗin shirun nan, Allah ya gafarta mini, na ƙara da cewa har an fara auna gonar da igiya.

Bayan sati biyu labarin ya dawo mini, ya yi ƙiba har ban gane shi ba. Wani direba ya tsayar da ni a tasha ya yi mini jaje, wai ya ji an tone kabarin an watsar, wai alƙali ne ya sa hannu. Na ce masa ba a kai nan ba tukuna. Ku lura da tukunan nan. Ƙaryar da na yi da bakina, da na ji ta a bakin wani, sai ta ba ni tsoro. Na fara cewa a raina, in mutane da yawa haka suna faɗa, ƙila akwai wani abu. A cikin satin wani dattijo da ya ji ni a taron, Baba Yakubu, tsohon ma'aikacin kotu, mutumin kirki ne amma bai taɓa kwana a ƙauyenmu ba, ya biyo ni har wurin aiki.

"Kuna da takardar gonar?" in ji shi.

Na ce ta aro ce, Baba, ba takarda.

"Shekara nawa?"

Na ce ta haura talatin.

"To ɗana, wanda ba shi da takarda itace ne takardarsa. Kai da iri ke hannunka kyauta. Zagaye ta. In sun zo gobe, ka ce ga shaidarka tsaye."

Da na kawo maganar gida, uwarku Rifkatu tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce ka tambayi Baba? Na ce Baba zai ce in je in tambayi gawo. Ta ce to ka tambayi Malam Habu, ƙofarsa taku goma ce. Na ce ke mace ce, ba ki san yadda duniya ta koma ba. Ta ce ta dai san yadda bakina yake. Ita kaɗai ta san cewa ba wanda ya auna gona da igiya, kuma ba ta taɓa tona ni a gabanku ba sai yau da na tona kaina.

Itacen turare na zaɓa, don yana saurin tashi, shekara biyu ya wuce ɗaki. Na kuma san halinsa sarai. Yana shanye ruwan ƙasa, ganyensa ba ya zama taki, ba abin da ke yin kirki a gindinsa. Na jira ranar kasuwar Babban Mutum, ranar da ƙauye ke zama ba kowa sai kaji da tsofaffin mata. Baba da Malam Habu mota ɗaya suka shiga da safe, suna gardamar farashin akuya. Suna ɓacewa na ɗauko baro. Sawu uku na yi. An yi ruwa kwana ɗaya kafin nan, ƙasa ta yi laushi kamar tana taya ni. Na bi iyakar gonar ina tuge gamba ina sa turare, taku biyar biyar, har na zagayo kabarin Inna. Arba'in cif. Aiki ne mai kyau, ban taɓa jera layi madaidaici kamarsa ba. Na tsaya ina kallonsa ina jin kamar na ceci ikilisiyar Arewa gaba ɗaya ni kaɗai.

Washegari da sassafe Baba ya fita duba gero, ban ji dawowarsa ba har rana ta ɗaga. Na bi shi. Na same shi zaune a ƙasa kusa da kabarin, sandarsa a kan cinya, yana kallon ɗan turaren da ke gabansa.

"Ishaya, wa ya ce za a karɓi gonar nan?"

Na ce ana ta faɗa, Baba.

"Wa ya fara faɗa?"

Na kau da kai gefe. Ya daɗe yana kallona, ya gane.

"Shekara talatin da biyu ina kai wa mutumin nan dami," in ji shi. "Ko sau ɗaya bai ƙirga zangarniyar ba. Yau ka rubuta masa a jikin gonarsa cewa shi ɓarawo ne, ni kuma maci amana."

Na fara kawo hujja, zamani ya canza, dole mu tsare abin da ke namu, ba za mu zauna kamar tumaki ba. Ya ɗaga hannu.

"Mene ne namu a nan? Wanda kake cewa kana bi, jakin aro ya hau, a ɗakin aro ya ci jibinsa na ƙarshe, itacen da aka rataye shi a kai ba shi ya dasa ba. Da ya mutu, a kabarin aro aka sa shi. Bai zagaye shi da turare ba. Kai kana tsoron su ƙwace maka uwarka, ka manta ba ƙasar ce ke riƙe da ita ba." Ya nuna dashen da sanda. "Ka ga bangaskiyarka nan. Tana saurin tashi, tana da tsayi, ba abin da zai rayu a gindinta."

Kafin mu tashi daga wurin, mutane sun riga sun gani. Da la'asar aka kira mu ƙofar dagaci. Gonar ba ta Malam Habu shi kaɗai ba ce, ta gado ce, yana da ƙanne biyu da 'ya'yansu, shi ne dai babba da ake bari ya yi yadda ya ga dama. Ranar nan ba su bar shi ba. Ƙanensa ya ce sun daɗe suna faɗa masa aron da ya yi tsawo mallaka yake zama, ga shi ya gani. Wani ya ce a kai maganar gaban alƙali. Liman ya ce duk inda za a kai ta, kabari dai ba mai taɓa shi, wannan ba gardama. Dagaci ya juyo gare ni ya ce, Ishaya, kai ma'aikacin itace ne, ka san abin da dashe ke nufi ko ba ka sani ba? A rayuwata ban taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar. Na ce na sani, ranka ya daɗe.

Malam Habu bai dube ni ba ko sau ɗaya. Baba yake kallo.

"Iliya, da saninka?"

Baba ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa. Ya ce ɗana ne, Malam, abin da ya yi ni na yi. Na buɗe baki zan ce ƙarya ne, yana kasuwa tare da kai, Baba ya take mini ƙafa. Malam Habu ya ce ba wannan na tambaye ka ba. Baba ya sake cewa ɗana ne. Dagaci ya yanke: a tuge itatuwan kafin faɗuwar rana gobe, mu girbe abin da muka shuka, bayan kaka gona ta koma hannun masu ita. Kabari yana nan, mai son ziyara ya ziyarta. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya ambaci addini. Da an zage mu ma da na fi samun sauƙi, da na samu abin ba ku labari. A zaman nan na yanke a raina cewa ana gama girbi zan nemi a canza mini wurin aiki, don ba zan iya ci gaba da haɗa ido da mutanen nan a bakin rijiya ba.

Da hannuna na tuge su. Kwana biyu kacal suka yi a ƙasa, saiwarsu ko leda ba ta manta ba, kowanne ya fito sumul. Na mayar da gamba inda na cire ta. In ka wuce bayan sati, ba za ka ce an taɓa wurin ba. Na ɗauka shi ke nan, in hankula sun kwanta za a shirya, don na ga Baba ya ci gaba da zuwa zauren Malam Habu da yamma kamar kullum, sai dai yanzu ba a jin gardamarsu daga waje. Ba a yi wata guda ba Malam Habu ya faɗi a hanyar masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye. Ban ce ni na jawo ba, ban kuma ce ba ni ba ne. Ragamar gida ta koma hannun Sani da baffanninsa. Baba kuma tari ya kama shi, irin wanda yake yi kowace damina, amma bana sai ya ƙi cin abinci, magani ma sai uwarku ta yi kamar za ta yi kuka yake sha. Gero na fitar da kai ya kira ni bakin gadonsa.

"Je ka gaya wa Sani ina roƙon wurina. Kada ka yi wasa, kada ka ƙara gishiri. Ka ce roƙo nake, ba haƙƙi ba."

Na sami Sani a zaure, Malam Habu na kwance a tabarma a gefe, idonsa biyu. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa Sani ba, na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Sani ya ce in ba shi kwana ɗaya ya ga baffanninsa. Washegari shi ya zo ya kira ni waje. Bai ce mini Bamaguje ba, sunana ya kira.

"Ishaya, na yi iya yina. Sun ƙi. Ni ma in gaya maka gaskiya, ban iya yi musu musu ba."

Na ce mahaifinka ne ya zana wurin da ƙafarsa, ina tsaye.

"Na sani, ni ma ina tsaye. Kafin ka yi dashen nan, kabari kabari ne. Yanzu hujja ne. Sun ce yau ɗaya, gobe biyu, jibi jikokinka su zo da lauya su ce maƙabartar gidansu ce. Wanda ya dasa arba'in ranar kasuwa, me zai hana? Ka ba ni amsar da zan kai musu, wallahi yanzu zan koma."

Na bar shi nan tsaye. Na koma ciki, Baba ya dubi fuskata bai tambaya ba. Ya rufe ido har na ɗauka barci ya yi, sannan ya ce to, a kai ni gida wurin iyayena, in akwai wanda ya tuna inda suke. Ya ce kuma kada in riƙe Sani a zuciya, kada in riƙe kaina fiye da yadda Almasihu zai riƙe ni. Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce tun a gona, kai ne ba ka ji ba, kana ta magana.

Bayan kwana tara ya cika, da hantsi, uwarku na riƙe da hannunsa. Garinsu na asali tafiyar yini ce, rabonsa da shi ya kusa shekara arba'in, ba wanda ya rage a can da ya san fuskarsa. Ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu, mota ba ta shigowa, sai an fita bakin titi. Muna shawarar yadda za mu ɗauke shi a kafaɗa, sai ga Sani ya ɗauro amalanken shanun gidansu, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a kai. Maza sun fi ashirin suka biyo mu a ƙasa, har da baffannin nan biyu.

Hanyar titi ta bakin gonar take bi. Shanun nan da su ake yi wa Baba huɗa kowace shekara, su ke kai masa taki da rani. Muna isa mashigar gonar suka karkata da kansu suka tsaya, suna jiran a sauke kaya kamar yadda suka saba. Sani ya ja igiya, suka ƙi. Ya ɗaga sanda, ya daɗe hannunsa a sama, sannan ya sauke. Daga inda muke ana hango tudun kabarin Inna ta tsakanin karan gero, da filin da ke gefensa, taku talatin bai cika ba. Na dubi baffannin. Babban ya sunkuyar da kai, ƙaramin yana kallon gabas. Da ɗaya daga cikinsu ya ɗaga gira kawai, da da farcena zan haƙa.

"Ku yi addu'arku a nan," in ji Sani a hankali. "Za mu jira."

Ni da uwarku da malamin asibiti muka tsaya a kan hanya, ban taka gonar ba. Ni aka bar wa addu'ar. Na buɗe baki, ni da ban taɓa rasa magana a biki ko a makoki ba, abin da ya fito kawai shi ne, Ubangiji, ga bawanka Iliya, ya iso, ba mu iya shigar da shi ba. Uwarku ta ce amin. Na ji wasu daga cikin mutanen bayanmu ma sun ce amin.

Sani ya sauko, ya kama igiyar hancin babban san da hannunsa, ya juya kansa daga gonar, ya ja shi muka nufi titi.